Layin Makau a Hannun Kulu

Ummukulsum sunanta, amma in ka shiga Gummi kana tambayar Ummukulsum, wuni za ka yi kana zagaye a banza. Ka ce Kulu mai shinkafa, nan take a nuna maka gidan.

Ba 'yar Gummi ba ce. Sunke anka haife ta, can ƙasar Anka, can tay yi aure, tah haifi ɗiya biyu. Shekarar da gubar dalma tas shiga garin, lokacin da maza ke kawo dutsen zinari gida mata na dakawa, ƙaramin nata yar rasu. Mijin ma bai jima ba, nashi ciwon daban ne. Tana fita takaba tak kama hannun ɗiyarta Raihana, tad ɗauki tukunyarta guda, sai Gummi, gidan kawunta Mas'ud, wani manomin fadama mai tsoron haƙƙi har abin ya ba ka haushi. Shi ne in akuyar maƙwabta ta yi kashi gonatai sai ya je ya yi godiyar taki.

Nan Kulu tak kama sana'ar matan gari. Ta sawo shansherar shinkafa, ta turara, ta shanya, ta kai inji, ta zauna kasuwa tana awon mudu-mudu. Abin dai a ci a sai sabulu. Haka tay yi shekaru.

Wata rana tas sayi 'yar waya mai tocila, taj je bakin tasha wurin Jamilu, mai sai da layi ƙarƙashin lema. Yad ɗauki hotonta, tad dangwala yatsa, yab ba ta layi. Ko gida ba ta kai ba wayar taf fara kuka.

"Salamu alaikum. Makau?"

"Ba shi ba ne."

"To ba shi wayar."

"Malam, gidanmu ko zakara babu mai suna Makau."

Tak kashe. Wani yak kira. Wani kuma. Da safe Makau, da rana Makau, tana bakin murhu hayaƙi na cin idonta Makau. Wasu daga Gusau, wasu daga Funtuwa, har da masu magana Hausa rabi Yarbanci rabi. Kulu ba ta da haƙurin banza. Tak koma ma Jamilu, taj jefa mishi wayar bisa tebur.

"Kai Jamilu, layin aljannu kas sai min?"

Yad duba lambar, yay yi dariya. "Anti, gwanjo kinka samu, kuma mai kyau. Dubi kan lambar, 0803. Wannan tun zamanin farko ne, manyan alhazai ke riƙe da irinta."

Sai yaz zaunar da ita yay yi mata bayani. Lambar waya guda goma sha ɗaya ce. Huɗun farko su ne kai, hukuma ke raba ma kamfanoni, kowa da nashi. Bakwan da sunka rage su ne na mutum. Yac ce ta ɗauka kowane kai unguwa ce, gidajenta ƙidayayyu ne, ba a ƙara ko ɗaki. In unguwa ta cika, a buɗe sabuwa. In kuma wani ya kulle gidanai ya yi tafiya, anka daɗe ba motsi, ba kira ba kati, sai kamfani ya share gidan ya sa wani.

"To ni anka sa gidan Makau ke nan."

"Ke anka sa."

"Shi yana ina?"

"Ni ina zan sani, Anti? Ko ya mutu."

Yac ce in tana so ya sauya mata. Tac ce a'a, ba za ta sake zama a ɗauki hotonta awa ɓarauniya ba.

Sannu a hankali tal lura duk masu kiran ga abu ɗaya suke nema. Shinkafa. Ashe Makau dillalin shinkafa ne. Ranar da wani dattijo yak kira, Alhaji Sa'idu, ɗan kasuwa mazaunin Ibadan, yana ta mita wai mota na nan ba kaya, Kulu na zaune kan buhu, tac ce, "Alhaji, Makau dai ban san shi ba. Amma in shinkafa ce, yanzu haka bisa gare ta nike zaune."

Yac ce ta ba direbanai mudu guda ya kai mishi ya gani. Tab ba shi. Sati bai zagayo ba yac ce a cika mota.

Ita da ba ta taɓa tara buhu biyar lokaci guda ba. Tab bi matan unguwa gida gida, kowace ta kawo abin da tat turara, Kulu na tsaye tana dubawa. Mai tsakuwa ta koma da abinta, ko innarta ce. Daga nan duk wanda yak kira yac ce Makau, sai ta ce ba ya nan, buhu nawa. Shekarar da anka yanke sabis a Zamfara, mashin take hawa har cikin ƙasar Kebbi ta tsaya ƙarƙashin itace ta amsa kira ta dawo. Tas sa Raihana makaranta. Tay yi rumfar shanya. Duk abin ga, lambar nan ce ke riƙe da shi. Masu sayen ba su san gidanta ba, da yawa ko fuskarta ba su taɓa gani ba.

Sai ga Makau da ranshi.

Mutumin Adabka ne, ƙasar Bukkuyum. Haƙar zinari tad ɗauke shi zuwa Nijar, can cikin sahara, daga nan yaw wuce gaba, shekaru sunka tafi. Yad dawo ba zinari, sai tari da rama. A tasha wani direba yac ce mishi ai lambarka na can Gummi tana sai da shinkafa. Yab bi tambaya har zauren Kawu Mas'ud, da hantsi.

Anka kira Kulu, taz zauna daga bakin ƙofa. Makau yac ciro wata 'yar jakar fata daga wuya, yaw warware leda, yaw warware wata, yah hiddo tsohon layi yad ɗora bisa tabarma.

"Baba, ga shi. Ko ruwa bai taɓa shi ba. Can lambobinsu daban ne, guda takwas, nasu nis saya nika amfani da shi. Wanga kuwa na adana shi don ranar dawowa. Ta yaya abu yana wuyana a ce yana hannun wata?"

Kawu Mas'ud yad dubi abin, yad dubi Kulu, hankalinai ya tashi. Anka aika Jamilu yaz zo. Yas sa tsohon layin cikin wayatai, yak kunna, yaj juya musu fuskar. Ba ko sandar sabis guda.

"Malam, wannan roba ce kawai yanzu. Makulli ne, an sauya kwaɗo."

"A Bukkuyum nis saye shi. Lambar Bukkuyum ce, mi yak kawo ta Gummi?"

"Wannan a da ne," in ji Jamilu. "Zamanin wayar igiya, kan lamba gari yake nunawa, Gusau da nata, Sakkwato da nata. Ta hannu ba ta da gari. Da anka ba wata a Kalaba, da yanzu can za ka."

Kulu tac ce, "Da ka sha tafiya."

"Ke, yi min shiru," in ji Kawu. Yag gyara zama. "Kamfani ya ba ki, na ji. Amma mutanen ga ba kamfani yat tara su ba. Bawan Allah ga yat tara su, da ƙafarshi da bakinshi. Ni ba a cin haƙƙi gidana."

Kulu ta san kawunta. In yac ce a mayar, mayarwa za a yi, ƙarƙashin rufinai take kwana. Za a koma wurin Jamilu a juya sunan, ita kuma ta koma awon mudu. Bakinta bai jira ta ba. Tat tura wayar tsakiyar tabarma.

"Ga ta nan, Kawu. Shi ɗauka, a buɗe murya kowa ya ji. In mutanenshi ne, su bi shi."

Tana faɗi tay yi da-na-sani, amma Kawu har ya ce haka ya yi.

Sunka zauna. Kiran farko wata Sahura ce, ƙawarta, taj ji muryar namiji tac ce, "La, Kulu, aure kinka yi ba labari?" Jamilu yaf fita waje yin dariya. Na biyu kamfani ne ke tallar waƙa. Anka jima, rana ta fara shigowa zauren, sai ga Alhaji Sa'idu.

Makau yag gane lambar tun kafin ya ɗauka.

"Alhaji, barka da hantsi. Makau ne."

"Wane Makau? Na Adabka? Kana raye? Ikon Allah. Mun yi cigiya har munka gaji, wallahi na sa an yi maka addu'a."

Sunka yi ta gaisawa. Ina iyali, ya hanya, ya jiki, wane ya rasu, wance ta yi aure. Makau har yana share ido da hula. Kulu na zaune tana jin rumfarta da makarantar Raihana suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kawu sai gyaɗa kai yake.

Can Alhaji yac ce, "Alhamdu lillahi. Ka shigo Ibadan mu gaisa. To, ba ni matar nan, motata na isowa jibi, ina son in ji ko ta bushe."

Makau yar riƙe wayar kaɗan. Sannan yam miƙa mata da hannu biyu.

"Ta bushe, Alhaji," tac ce.

Kawu yay yanke magana a wurin. Layi na Kulu ne. Amma duk wanda yat tambayi Makau, ba ta ƙara cewa ba ya nan, ta ba da sabuwar lambarshi. Tac ce ta ji.

Jamilu yas sai ma Makau sabon layi, irin sababbin kan nan masu farawa da 091. Da farko ya sha wahala, don ƙasarmu yanzu mutum ya ga baƙuwar lamba gabanshi ke faɗuwa, ba ya ɗauka. Kulu ce da kanta tar riƙa gaya musu su ɗauka, ba ɗan daji ba ne. Mutum biyu na Funtuwa sunka koma gare shi, wai sun fi son ciniki da namiji. Abin ya ci mata rai, kwana tay yi tana zaginsu ita kaɗai bakin murhu.

Yanzu duk su biyu suna Gummi. Wurin matan unguwa ɗaya suke saye, matan kuwa sun gane, sun ɗaga kuɗin shinkafarsu. In sunka haɗu a inji, ya ce, "Hajiya, ya kasuwa?" ta ce, "Ka ɓata ta, Malam," kowa ya ja buhunai ya hau layin awo.