Baƙar Motar Baba da Kurciyar Iya

Idan sanyi ya shigo, a gidanmu na Kurmin Kogi ba a neman yara bayan tuwon dare. Kowa ya san inda muke: ƙofar ɗakin Iya, kakarmu ta wajen uba, mun kewaye wutar kara muna tura dankali cikin toka. Iya 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai bakin tsiya. Haƙoranta na gaba sun zube, amma ba ta taɓa barin jika ya cinye dankalinsa shi kaɗai ba. Kuma ba ta fara tatsuniya a banza. Sai ta miƙe ƙafafu ta ce, "Ga ta nan tsaye, amma batirinta ya yi sanyi. Wa zai tura?" Mu kuwa mu rufar wa ƙafafun nan da tausa, muna cewa mun tura, ta taso mu ji ta. Sai Iya ta yi tari irin na inji, sannan ta kama.

Wannan salo a wurin motar Baba ta aro shi. Da aka sami mulkin kai, wani Baturen auduga zai koma ƙasarsu, ya rabu da tsohuwar motarsa, Baba ya karɓa. Baƙa ce mai doro da dogon hanci, fitilunta a waje kamar idon kwaɗo, kuma tun a lokacin ta girme ni nesa ba kusa ba. Baba mai injin mazarƙwaila ne, hannunsa ya saba da ƙarfe, saboda haka ya rantse ba bakaniken da zai taɓa masa ita. Ya yi mata rumfa a bayan ɗakin Iya, zana ɗaya ce tsakaninsu. Da rana yana wurin rake, da ya yi sallar isha sai ya ɗauki fitilar ƙwai ya shige ƙarƙashin mota.

Ban taɓa ganin abin da aka yi wa hidima kamar motar nan ba. Baba zai kwance kafireto ya wanke da kananzir a tasar Inna, mahaifiyarmu, ya jera 'yan notuna a kan tabarma bi da bi, kaza ma ba ta isa ta gitta ba. Fulogi kuwa da tsohuwar aska yake kankare su, ya hure, ya ɗaga wajen fitila yana dubawa. Ruwan batir na sama ne da ya tara a tulu tun damina, wanda ya sha kuwa ya shiga uku. Da jak ɗinsa ya lalace, turamen Inna ya kwashe ya ɗora motar a kai, Inna ta yi kwana da kwanaki tana zuwa maƙwabta daka tana mita. Abin dariyar shi ne motar lafiyarta ƙalau. Da ya haɗa ta, ta tashi, sai ya karkata kai ya ce ya ji wani ƙara-ƙara a ciki, ya sake kwancewa. Mutanen gari har cewa suke motar Malam Sale ta fi zama a kan turmi a kan zama a kan taya.

Iya ba ta taɓa ce masa uffan a kan haka ba, domin Baba ɗan farinta ne. Yaran yanzu ba za su gane ba, amma a zamanin nan mace tana jin kunyar ɗan fari sosai. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Shi Baba tun da aka yaye shi aka kai shi Saulawa wurin kawunsa, can ya girma. Da ya kafa gida ya ɗauko ta, suna kwana gida ɗaya amma magana sai ta bakin wani. Da safe zai durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. In za ta ambace shi sai ta ce "mai Baƙa", ko "uban waɗannan".

Ana nan sai wata mai tallan daddawa ta kawo wa Iya saƙo daga Likoro. Yayarta Kande, wadda su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, ɗanta zai tafi da ita gabas, hanyar Makka ta ƙasa, da zarar sabon wata ya tsaya. Kowa ya san tsohuwa irin Kande in ta kama wannan hanya ba dawowa za ta yi ba. Iya kuwa ƙugunta ya daina ɗaukar jaki, balle tafiyar ƙasa. Na ji Inna tana ce mata, "Iya, bari in gaya wa Malam ya haɗa motar nan ya kai ki."

Iya ta ce, "Kul! In kika gaya masa, ni da ke. Ni zan roƙi wancan? A ce na tsufa na zubar da kunya saboda hawa mota?"

A daren ta fara wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba, kuma da murya sama da yadda ta saba.

Wai wani mutum ne ya sami godiya baƙa a hannun baƙo mai jan kunne. Don tsananin so, kullum sai ya cire mata ƙafafu ya wanke ya shanya, ya ciro zuciyarta ya ɗauraye a tasar matarsa, ya jera haƙoranta a tabarma. In ya mayar mata da komai ta yi haniniya, sai ya ce haniniyar ba ta fita daidai ba, ya sake ɓalle ta. A gidan akwai wata tsohuwar kurciya mai karyayyen fiffike. 'Yar'uwarta tana can bayan rafuka, za ta bi ayarin tsuntsaye gabas in wata ya tsaya. Kurciya tana so su yi sallama, amma ba ta iya yi wa mai godiya magana, domin ita ta ƙyanƙyashe shi.

Ƙanena Ɗanjuma ya ce, "Kai Iya, kurciya ta ƙyanƙyashe mutum?"

Ta ce, "Angona, kai da ka fito da wannan ƙaton kan, wa ya tambayi yadda aka yi? Ci dankalinka."

Muka tuntsire da dariya. Ni dai na lura da abu ɗaya: ƙarar sifana da muka saba ji a bayan zana ta ɗauke.

Tatsuniyar ba ta ƙare a daren ba, kuma ba halin Iya ba ne ta kwana da tatsuniya. Kashegari ta ɗora. Kurciya ta je wurin jaki, jaki ya ce bayansa ƙashi ne, zai ƙarasa mata ɗaya fiffiken. Wani dare ta je wurin kunkuru, ya ce zai kai ta, amma ta shirya isa baɗi. Ta je wurin hankaka, ya ce sai ta biya shi da ƙwai. Iya tana kwaikwayon muryar kowa, mu muna birgima a ƙasa. Amma wata yana ta ƙanƙancewa, kuma na ga in mun tashi takan ɗaga kai ta daɗe tana duban sama. A bayan zana kuwa fitila tana ci, ba motsi. Haushin Baba ya kama ni ƙwarai, na ce a raina wannan mutum kunnensa ma sai an kwance an wanke da kananzir.

Daren da wata ya ɓace gaba ɗaya, Iya ba ta nemi tausa ba. Ta ce kurciya ta gaji da yawo, ta koma gindin rumbu ta zauna. Sai ta fara fige gashinta ɗaya bayan ɗaya tana ba iska, tana cewa, "Kai wa Yaya, ki ce mata ban ƙi zuwa ba." A nan muryar Iya ta karye. Ta yi kamar hayaƙi ne ya shiga mata ido, ta buɗe baki za ta ci gaba.

Sai muka ji Baba ya murɗa hannun tayar da mota, Baƙa ta yi tari, ta kama ruri har kaji suka firgita a akurki. Muka watse da gudu muka zagaya bayan zana. Tana tsaye a kan tayoyinta huɗu, turamen Inna a gefe.

Da asuba Baba ya tsaya tsakar gida yana yi wa Inna magana da ƙarfi, kamar tana can bakin kasuwa. Ya ce, "Zan gwada motar nan a doguwar hanya, wajen Likoro. Amma bayanta ba nauyi, tana tsalle. Ko akwai wani a gidan nan da ba shi da aikin yi, ya zauna a baya ya danne mini ita?"

Iya ta leƙo daga ɗaki, da mayafinta da ƙullin kayanta a hannu, ta ce wa Inna, "To, tunda taimako ake nema."

Ni aka sa in raka ta. Mun wuce Makarfi ke nan sai warin fetur ya cika motar, ashe tanki ne ya tsage yana ɗiga. Baba ya shiga ƙarƙashi yana salati. Iya ta kwance ƙullinta ta ɓallo sabulun salo daga tsarabar da za ta kai, ta miƙo mini ta ce, "Ba mai Baƙa, ya murje ya liƙe." Ya liƙe kuwa, ɗigar ta tsaya. Muka isa Likoro rana tsaka, muka tarar an fito da kaya ana ɗaurewa. Tsofaffin nan biyu suka rungume juna suna kuka, kafin a kawo ruwa kuma sun koma faɗa a kan wadda ta fi tsufa a fuska. Suka kwana ɗaki ɗaya suna hira. Kande ta tafi, ba ta dawo ba, amma Iya ba ta taɓa yin maganarta da baƙin ciki ba. Takan ce, "Mun yi sallama, mun yafi juna."

Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar nan shi ne abin hannunka amfaninsa a mora, kada tattali ya hana. Haka na riƙa faɗa wa 'ya'yana. Sai bayan Iya ta rasu da shekaru, Baba ya tsufa, Baƙa ta zama wurin kwanan kaji, na je gaishe shi muka tuno zancen. Na ce, "Baba, wai da gaske ba ka gane da kai take ba sai daren ƙarshe?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Asabe, ni ne ban gane ba? Tun daren farko na gane. Kashegari na haɗa motar nan tsaf. Kullum hannun tayarwa yana hannuna, ina zaune jikin zana, ina lissafin wata kamar yadda take yi."

Na ce, "To me ya sa ka bar ta tana ta wahala?"

Ya murza carbinsa. Can ya ce, "Ku kun sha tatsuniyarta har kun ƙoshi. Ni ba ta taɓa yi mini ba, ko sau ɗaya. Wannan ce kaɗai ta ƙaga domina. In na tayar da mota, ta yanke. Na so in ji ƙarshenta ne. Da na ji muryarta tana rawa kuwa, sai na kasa jurewa." Ya dube ni ya ce, "Ke ta taɓa gaya miki yadda ta ƙare?"

Iya ba ta taɓa ƙarasa ta ba, kuma ba wanda ya tambaye ta. Na dubi tsohon nan, gemu fari fat, ya tattara hankalinsa duka a kaina yana jira. Sai na gyara zama a kan tabarma na ce, "Ta gaya mini, Baba. Matso ka ji."

Ya matso.