Ƙwayar Kashe Yunwa da Kwanon Ciyayya

Ni dai a aji huɗu na tsaya a firamare, amma shekarun da na yi ina masinja a ofisoshin Abuja, ina kai fayil daga wannan oga zuwa wancan, sun koya mini cewa da tumbi ake gane babban mutum. Da na yi ritaya ban samu mota ba, ban samu gidan sama ba, sai na ajiye tumbi. Shi kaɗai ne kayan manya da ya zo hannuna, na kuwa riƙe shi bisa amana.

A ɗaki ɗaya nake zaune a Mpape, can saman tudu. Tun da mai ɗakina ta rasu, in na yi sallama a ƙofa ni nake amsa wa kaina. 'Yata tilo tana aure a Lugbe, kafin ta ratsa gari ta iso rana ta raba. Abin da ya rage mini na mutane shi ne ciyayya. Bayan azahar, a ƙofar shagon wani tela, kowa zai kawo kwanonsa a haɗa, a wanke hannu a zauna. Ni nawa a wurin mai tuwo nake saye. Telan nan Bazazzagi ne, ni kuma Bakano, kun dai san wasan da ke tsakaninmu. Tun daga nesa zai fara:

"Jama'a, a ɓoye miya, ga tankar ruwa ta iso!"

In ce, "Rufe mana baki, ɗan fate. Wanda aka yaye da gwaza ina ya san miya?"

Wannan zagin shi ne maganar da ta fi kowace tsawo da ake yi mini a yini.

Sai gwiwoyi suka yi mini tawaye. Hawan tudu ya koma sai da zango, sujada ta gagara, na koma salla a kan kujera kamar shugaban taro. 'Yata ta kai ni asibiti. Likitar, wata yarinya da ba ta wuce sa'ar 'yata ba, ta auna jinina da bugun zuciyata, ta tambaye ni duk abin da nake sha, har jiƙe-jiƙen da nake ɓoyewa. Sannan ta rubuta mini wata ƙwaya mai kashe sha'awar abinci, ta bi ta da dokoki. Ɗaya da safe. In na manta, kada in haɗa biyu in rama. In rage goro da shayi mai kauri, in yawaita ruwa, in riƙa takawa. In zuciya ta soma dukan ƙirji, ko numfashi ya ɗauke, in ajiye in dawo. Na ɗan lokaci ne, kuma zan riƙa zuwa ana duba ni.

"Kuma Baba, kada ka ba kowa, ko ɗaya. Wanda ya dace da jikinka yana iya kwantar da wani. Ka ji?"

Na ce, "Likita, ni masinja ne, ba a maimaita mini saƙo."

Ƙwaya ta yi aikinta. Bakina ya riƙa bushewa, yunwa kuwa ta fice ko sallama babu. A wurin ciyayya sai in ɗan taɓa in tsame hannu. A ce, "Bisimilla mana." In ce, "Alhamdu lillahi." Ban faɗi dalili ba. Cikin masu zaman nan akwai masu fasa dutse tun safe don su kori yunwa da tuwo. Da wane baki zan ce musu ni da magani nake korar tawa?

Wata rana tela ya hango kwalin a aljihuna.

"Maganin mene ne wannan? Ɓallo mini ɗaya, ni ma bayana yana ciwo."

A wurinmu magani kamar goro ne, wanda ya gani ya samu. Na danne aljihu na ce, "Wannan ba a bayarwa."

Na jira ya ce rowar Kanawa ta motsa. Bai ce ba. Ya dube ni daga wuya zuwa tazuge, ya koma kan kekensa.

Daga ranar aka fara girmama ni. In na zo, tela ya miƙe ya kakkaɓe mini tabarma. "Sannu Malam. Yaya ƙarfin jiki, Malam?" Na tsokane shi da fate, ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Malam." Na kira shi ɗan gwaza, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Ban taɓa sanin ladabi yana da ciwo haka ba. Na ɗauka hana shi ƙwayar ne ya yi masa zafi, ni ma sai na yi zuciya na daina sauka.

Na koma ci a ɗaki, ɗan wake da ganye, ni da rediyo. Rediyo kuwa ko ka zage ta ba ta ramawa. Wanduna suka yi mini yawa, ga tela a gindin tudu, amma na gwammace in ƙara ɗaure tazuge. A lokacin ne goshina ya sake taɓa ƙasa a salla. Na sallame na waiwaya in ba da labari, babu wanda zan ba.

Ran wata Juma'a bayan an sauko, sai na ji sallama. Tela ne, yana haki, da ledar lemo da kankana. Ya zauna a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Malam," ya ce, "duk abin da na taɓa faɗa maka wasa ne. Ga rama, ga barin abinci, ga magani da ba a faɗin sunansa, mun gane. Rai ba a bakin komai yake ba. Don Allah mu yafi juna."

Sai a lokacin na fahimta. Ashe ba fushi suke yi ba, gawa suke kallo.

Na gyara zama na ce, "Ban yafe ba." Sannan na fito da kwalin na faɗa masa komai, da dokokin likita, da cewa ta ma ce an kusa dainawa.

Ya daina murza hular, ya ƙare mini kallo. Can ya ce, "Wato sai da likita ta sa hannu kafin Bakano ya tsame hannu daga kwanon mutane?"

Na ce, "Maimaita, ban ji ba." Na ji sarai, so nake in ƙara.

Ya miƙe ya ɗauki ledarsa. "Wannan lemon na majinyaci ne. Gobe ka sauko da wandunan nan, kafin su kunyata mu a masallaci."

Na tsaya a ƙofa ina kallonsa yana gangarawa da kankanata. Har yau ban yafe masa ba. In na yafe, da me za mu yi hira?