Ranar da Ƙanena Ya Ce Mini In Juya Mota

Ni na koya masa lissafi. A da, da wannan maganar nake farawa duk lokacin da aka ɗauko zancen ƙanena matuƙin jirgi a majalisarmu ta Kazaure, har abokaina suka haddace ta. Kafin in buɗe baki sai wani ya riga ni: "Mun sani, Malam, kai ka koya masa lissafi." A kwashe da dariya, ni ma in yi, amma tawa iyakarta haƙora.

Ɗan ƙanin mahaifina ne, gida ɗaya muka tashi, na ba shi shekara bakwai. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare, kuma ni na fara cin karo da sanarwar cewa wani ƙaramin kamfanin jiragen sama, irin masu kai-komo tsakanin biranen ƙasar nan, zai ɗauki matasa ya koya musu tuƙi. Na karanta sharuɗɗan gabana yana faɗuwa, don tun ina yaro in jirgi ya gifta ta saman duwatsun garinmu sai na raka shi da ido har ya ɓace. Komai na cika, ban da shekaru. Na haura da 'yan watanni kawai. Sai na cike wa ƙanen nawa takardar da hannuna, na zaunar da shi a zaure wata biyu muna bitar lissafi, kuma ya ci. Ranar da sakamako ya fito na yi murna, wallahi na yi, amma abincin da aka kawo mini ranar bai ciwu ba.

Daga nan sunana ya canza a gari. Mutanen da suka shekara goma suna ce mini Malam suka koma cewa "yayan direban jirgi". Ɗalibaina ma ba su bar ni ba, ina tsakiyar darasi sai wani ya ɗaga hannu ya tambaye ni ko gaskiya ne jirgi ba ya ribas. Inna, mahaifiyarsa, ta sa aka wanke hotonsa da farar riga da igiya biyu a kafaɗa, aka rataye a ɗakinta daidai inda duk mai shiga gaisuwa sai ya gani. Ni kuwa kullum da safe sai na shiga. Ba zan ɓoye ba, ƙyashi nake yi, irin wanda mutum ke jin kunyar faɗa wa ko matarsa.

Wata Asabar cikin damina ya zo gida, bayan ya gama makaranta ya fara horon cikin kamfani. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Bayan la'asar muka zauna a zaure mu biyu, na tsokane shi na ce ashe masu yawo a sama ma suna ramewa. Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, da ka san aikin nan da ka tausaya mini." Ya ce su huɗu ne a ɗaki ɗaya kusa da filin jirgi, kowa da kansa yake guge rigarsa. Wata ranar sau huɗu za su tashi su sauka, abinci a cinya ake ci tsakanin wannan gari da wancan. Jadawalin aiki yana iya canzawa kana cikin wanka. Akwai kuma ranakun jiran ko-ta-kwana, ba ka aiki ba ka hutu, waya a hannu, ko ɗaurin aure ba ka isa ka je ba. Sallah biyu ke nan yana yi a bakin aiki. Ina sauraro ina gyaɗa kai, amma a raina cewa nake yi, a ba ni wahalar mana, a gani in zan yi ƙorafi.

Sai ya sassauta murya ya gaya mini abin da ya kawo shi gida. Akwai jarrabawar da ake yi musu a cikin wata na'ura mai kama da ɗakin tuƙin jirgi, suna ce mata simuleta. Kyaftin yana zama a hagu, sabon matuƙi a dama. Da gangan kyaftin zai yi kuskure, a ga ko na dama zai yi magana. Kuma maganar hawa uku ce, haka aka koya musu. Da farko ka yi tambaya, kamar ka ce, "Kyaftin, ka lura da nisanmu da ƙasa?" In bai ji ba, ka fito fili ka ce hankalinka bai kwanta ba, ka faɗi dalili. In ya ƙi, ka ba shi umarni kai tsaye, ba roƙo, ba kewaye-kewaye.

"Sau biyu ina faɗuwa, Yaya," in ji shi. "Tuƙin ba ya ba ni wahala. Amma mutumin nan ya girmi Baba, kansa fari fat. Ina yin tambayar farko, da ya ce in bari ya san abin da yake yi, sai in ji bakina ya ce to, ranka ya daɗe. Ina kallo muka daki ƙasa. Da aka kunna fitila ya ce mini ladabina ya kashe mutum saba'in."

Ranar Litinin ce damarsa ta ƙarshe. In ya sake faɗuwa, kamfani zai sallame shi. Dole ya kwana a Kano ranar Lahadi, ya sami cikakken barci, ya bi jirgin farko zuwa Legas inda na'urar take. Ya ce ya zo ne kawai Inna ta sa masa albarka, gobe da hantsi ya koma. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa.

Ban gaya wa kowa ba. Abin da na yi ya fi haka muni. Da safe na shiga gaida Inna, na kalli hoton nan, sai na ji bakina yana cewa ai dangi suna ta ƙorafi, wai tunda yaro ya fara hawa sama ya daina taka ƙasar kowa. Gaskiyar magana, mutum ɗaya ne ya taɓa tambayata lafiyarsa, shi ma ba da wata manufa ba. Inna ta tashi hankalinta, don a gidanmu babu zagin da ya kai a ce ɗanka yana hura hanci. Ta kira shi ta ce lallai yau yayansa ya zagaya da shi ya gaida manya. Ya dube ni, yana jira in sa baki tunda na san halin da ake ciki. Na ce, "Ai ba daɗewa za mu yi ba, kafin azahar mun dawo." Ya sunkuyar da kai ya ce to.

Muka ɗauki tsohuwar motata muka nufi Roni, gidan Gwaggo. Duk wanda ya san gaisuwar manya a wajenmu ya san ba kai kake sallamar kanka ba. Za ka durƙusa, a tambaye ka mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, a kawo ruwa, a kawo fura, a ce an ɗora dambu ba ka isa ka tafi ka bar shi ba. Sai babba ya ce "to, Allah ya yi albarka, ku tashi kada ku yi rana" sannan ka miƙe. Ni kuma duk lokacin da na ga Gwaggo ta kama hanyar wannan addu'ar, sai in jefo sabuwar hira, in tambaye ta labarin gonar gyaɗarta ko ciwon gwiwarta. A can muka yi azahar.

Daga nan na ce ai ba a zuwa Roni a tsallake Gwiwa, Baffa zai ji labari. An yi ruwa, hanya ta yi caɓi, muka riƙa tafiya kamar masu rakiyar amarya. A Gwiwa kuma aka dace ranar kasuwa ce, kafin mu gama gaisawa ƙofar gidan Baffa ta cika. Har mai shagon kayan babur, wani mutumin kudu da ya daɗe a garin, ya rufe shago ya zo ganin direban jirgi. Wani dattijon Bafulatani ya kawo ƙwaryar nono, ya ce yana so ya ji ko daga sama ana gane shanu. Ƙanena yana zaune a ƙasa gefen tabarma, yana amsa kowa da ladabi, yana satar kallon agogo. Ni ina kan benci, babu wanda ya tambaye ni ko ya makaranta. Wannan ya ƙara hura mini wutar, na ce a raina bari mu ga ƙarshen abin.

Ƙarfe biyar ta gota muka shigo Kazaure. Maimakon in karya zuwa tasha, sai na ɗauki hanyar Babura. Na ce saura Kawu, in aka bar shi shi kaɗai abin zai zama magana. Na san sarai in muka je Babura sai an tsare mu tuwon dare, na kuma san motocin Kano ba za su jira shi ba.

Mun ɗan taɓa tafiya sai ya ce, "Yaya, ka lura da lokaci kuwa?" Na ce na lura, ya bari kawai, na san abin da nake yi. Na ji wani mugun daɗi a raina, ina jiran "to" ɗin nan nasa. Gero ya yi tsayi a gefen titi, ina kallonsa ina tuƙi kamar babu abin da ya dame ni.

Sai ya sake magana. "Yaya, hankalina bai kwanta ba. In muka je Babura ba zan kwana a Kano ba, kuma gobe ce damata ta ƙarshe." A nan na gane abin da nake ji, hawa na biyu ne, daidai yadda ya lissafa mini jiya a zaure. Raina ya ɓaci. Na ce masa wato ni zai mayar abin gwaji? Na tuna masa wanda ya cike masa takarda, da wanda ya koya masa lissafi. Na ƙara taka mota.

"Yaya, tsaya. Juya motar nan yanzu."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma ce don Allah ba. Na waiwaya na ga idonsa cikin nawa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Bai kau da kai ba. Ban san lokacin da ƙafata ta koma kan birki ba. Muka tsaya a gefen wata gona, wani mai amalanken shanu ya wuce mu yana yi mana sannu. Na juya motar.

Muka koma tashar Kazaure. Muka tarar da motar Kano saura mutum ɗaya. Ya ɗauki jakarsa, ya zagayo ta tagata ya ce, "Yaya, ka yafe mini." Na ce Allah ya kiyaye hanya, ina kallon sitiyari.

Ranar Talata ina fitowa daga aji ya kira ni. Ya ci. Ya ce kyaftin ɗin ya sake yin kuskurensa na ganganci, ya sake cewa a bar shi ya san abin da yake yi, shi kuma ya bi hawa ukun nan tiryan-tiryan har ya karɓe tuƙin daga hannunsa. "Wallahi ko gezau ban yi ba," in ji shi yana dariya. "Wanda ya iya cewa Yaya ya juya mota, wane ne kuma kyaftin?" Na ce masa barka, na ce Allah ya sanya alheri. Na so in tambaye shi ko ya san dalilin da ya sa na ɗauki hanyar Babura, amma na kasa.

Da yamma Inna ta aiko a kira ni. Ashe ya gaya mata wai ni na shirya komai da gangan don in cire masa tsoro, wai dabara ce irin ta malamai. Ta riƙe hannuna tana hawaye tana sa mini albarka, ta ce samun ɗan'uwa irina sai an tona. Ta ba ni turmin shadda da ta ajiye tun dawowarta daga Makka. Ina durƙushe ƙarƙashin hoton nan ina amsawa da amin, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shaddar tana cikin akwatina har yau, ban kai wa tela ba. Ƙyashin ma bai tafi duka ba, in jirgi ya gifta ina cikin aji nakan yi shiru sai ƙararsa ta wuce. Na dai daina cewa ni na koya masa lissafi, har abokaina suna tambaya ko lafiya. Shi kuwa in ya zo gida yana durƙusawa ya gaishe ni kamar da, bai rage komai ba. Sai dai yanzu in yana gaishe ni idona yake kallo, ni ne nake sunkuyar da kai.