Saja Ezekiel da Yarinyar Japan Mai Takobi

Da Saja Ezekiel ya bar aikin soja a 2003, ya dawo Zuru da ƙafa ɗaya mai ɗingishi, ya buɗe gidan kallo a bakin hanyar Ribah. Benci, janareta da talabijin, shi ke nan jarinsa.

Wata rana ya sayo faya-fayai a Kontagora. A cikinsu akwai katun na Japan, ya ce na yara ne. Da aka kunna, sai ga yarinya mai shuɗin gashi da manyan idanu, ba ta wuce shekara goma ba. Wani tsoho ya raine ta, yana aikenta ta kashe manyan mutane da takobi. Babu mai jin yaren, don haka Saja ya ɗauki sanda ya tsaya gefen talabijin yana fassara. Ya ce ya koyi Japananci wajen wani kuku a Laberiya. Yarinyar za ta yi dogon jawabi tana hawaye, shi kuwa ya ce, "Ta ce yunwa take ji." Har suna ya raɗa mata, Saloma.

Labari ya kai kunnen Mama Leah, shugabar zumuntar matan coci, ta zo da niyyar rufe wurin. Ta tarar da Malam Jabiru mai sayar da hatsi ya riga ta zuwa da irin wannan niyya.

"Saja, yarinyar nan mai kisan kai ce," in ji Mama Leah. "Shekara goma ai ta san daidai. Tawa a shekarunta ita ke daka dawa."

"Haba Mama," in ji Malam Jabiru, "alhakin na kan tsohon da ya aike ta. Ita me ta sani?"

Aka kafa kwamiti da su biyun a ciki, aka ce sai an kalli faya-fayan duka kafin a yanke hukunci. Kullum bayan la'asar kwamiti na bencin gaba, an kori yara waje don kare tarbiyyarsu. A mako na biyu Mama Leah ta fara ihu, "Saloma, bayanki! Sare shi!"

Ran nan aka nuna Saloma tana wanke takobi a rafi, ta ga wasu yara suna wasa, ta tsaya tana kallonsu. Saja ya sauke sandarsa.

"Fassara mana, Saja," in ji Malam Jabiru.

"Na taɓa haɗuwa da yaro irinta a wani shingen hanya a Laberiya," in ji Saja. "Bindigarsa ta fi shi tsawo. Ya auna ni, sannan ya tambaye ni ko ina da alewa."

Ba wanda ya sake neman fassara ranar.

Faifan ƙarshe ya zo duk a karce. Daidai lokacin da Saloma ta ɗaga takobi a kan tsohon, hoto ya daskare. Aka shafa wa faifan man goge baki, aka hura, a banza. Saja ya ce shi ya san ƙarshen: ta ajiye takobi an sa ta firamare. Mama Leah ta ce sai ta tuba tukuna. Malam Jabiru ya ce a fara kai tsohon kotu.

Kwamiti bai taɓa ba da rahoto ba. Saja ya koma nuna ƙwallon Turai, inda yake fassara abin da alƙalin wasa ke faɗa wa 'yan wasa.