Tsugunno a Bayan Itace Uku

Ina ɗan shekara goma sha huɗu na zama mai tsaron itace a ƙungiyar wasan kurket ta makarantarmu a unguwar Woolwich, can ƙasar Turawa. Itace uku ake kafawa, wani ya jefo ƙwallo mai taurin dutse, wani ya tare da katako. Ni kuma ina tsugune a bayansa da safar hannu kamar ta mai gashin burodi. Duk abin da ya kuɓuce masa nawa ne.

Malamin wasanni ya zaɓe ni ne don ya gan ni tsugune a gindin katanga ina cin abinci. Yaran Turawa minti biyu suke yi gwiwarsu ta fara kuka. Ni kuwa sai in wuni a haka, ko ƙuda bai isa ya wuce ni ba. Yatsuna biyu suka karkace, ban damu ba, don malam ya ce ni zai kai gwajin ƙungiyar yaran gunduma.

Sai na yi wautar gayyato Baba kallon wasa. Gwamnati ce ta turo shi kwas a unguwar Bloomsbury, a shekarun da man fetur ya sa kowane ma'aikacin ƙasarmu ke tafiya kamar shi ya haƙa rijiyar. Ya zo da babbar riga, ya ƙi zama. Ranar mutum uku na fitar daga wasa, ina ta leƙen fuskarsa.

Da muka hau bas, sai Baba ya ce:

"Kai kaɗai ne baƙi, kuma kai kaɗai ne a tsugune."

"Baba, aikin ne haka. Ba kowa ake ba wa ba."

"Na sani ai. Mu ma haka suka ce mana. Shekara nawa na yi ina tsuguna wa Bature a ofis don kada kai ka yi? Ga ka har da tsince musu abin da suka yar."

Ranar Litinin ya je makaranta da kansa ya ce ɗansa a tsaye zai yi wasa. Malam ya yi ja har kunne, ya yi ta ba da haƙuri kamar ya kashe mutum. Ya ba wani mai jan gashi safata, yaron da ko matashin kai aka jefa masa sai ya suɓuce masa. Shi aka kai gwajin.

Ni aka tura ni can bakin fili, inda ƙwallo ke zuwa sau ɗaya a wuni. Na ƙare kakar wasan a tsaye, ni da tantabaru. Baba bai sake zuwa kallo ba.