Kalibu da Farfelar Motar Malam Gabdo

Daga tsaunukan Michika Kalibu ya sauko Mubi, shekarar da aka kaɗa ƙuri'ar raba gardama ta biyu kan makomar yankin. Faskare ya fara yi, daga baya ya shiga garejin Baba Yaya, tsohon bakaniken da ya yi aiki da Turawa. Shekara shida ya yi yana kwance a ƙarƙashin motocin mutane. Da hannunsa ya faɗa, sai ya kafa tasa rumfar a hanyar Digil. Baba Yaya bai ji daɗin haka ba, kuma bai ɓoye ba.

Ana tsakiyar yaƙin basasa kayan gyara suka yanke, ko noti sai an sha yawo. A lokacin ne akwatin giyar motar Malam Gabdo ya farfashe. Tsohuwar a-kori-kura ce mai ɗauko gyaɗa da dawa daga Sorau, kuma ita ke ciyar da gidansa. Baba Yaya ya leƙa ƙarƙashinta sau ɗaya, ya ce a sayar wa maƙera. Gabdo bai yarda ba, ya sa aka turo ta rumfar Kalibu.

Kalibu ya san wata mota da ta kife a Wuro Patuji, ciyawa har ta rufe ta. Ba ƙirarsu ɗaya ba, amma giyarta lafiya lau. Ya kwanto ta, ya yi mako guda yana fasa ramuka da gyara mazauni, har ta zauna a bayan injin. Sai da ya ɗauko farfela, doguwar sandar ƙarfen nan da ke kai juyi daga giya zuwa ƙafafun baya, ya ga inda aikin yake. Sabon akwatin ya fi tsohon tsawo, farfelar ta yi yawa da yatsa huɗu.

Labari ya kai wa Baba Yaya, ya tako da kansa.

"Kalibu, ba a yanka farfela. Bature ma bai yanka ba, balle kai da ka sauko daga dutse jiya."

"Baba, Bature yana da shagon da zai sayo wata. Ni ba ni da shi."

Kalibu ya auna da karan dawa, ya sa zarto ya yanke, ya cusa guntun bututu a ciki, ya kai wa mai walda a kasuwa. Da aka tayar da mota, Gabdo ya ja ta zuwa bakin gada. Tana shiga giya ta uku ta kama kakkarwa kamar mai zazzaɓi, madubi ya faɗo, murfin gaba ya buɗe. Kafin yamma duk tasha ana dariya. Gabdo ya dawo fuska a murtuke, ya ce shi ya haƙura.

"Malam, motarka ce, amma aikina ne a jikinta. Ba za ta bar nan tana rawa ba. Ka ba ni kwana uku."

Ya sake kwanto farfelar, ya sassaƙa itace biyu masu baki kamar gwafa, ya ɗora ta a kai yana juyawa a hankali. Ya kafa ƙusa a gefe, sai ya ga tana taɓa ƙusar a wuri ɗaya tana kauce mata a wani. Ta karkace wajen waldar. Da ya ƙura ido kuma, ya lura kunnuwan ƙarshenta biyu ba sa kallon juna, ya juya ɗaya lokacin haɗawa bai sani ba. Kunya ta kama shi, don laifin nasa ne, ba na ƙarfe ba.

Ya ja layi da alli daga wannan kai zuwa wancan, ya sake yankawa, ya tsaya a kan mai walda, ɗigo ɗaya sai a juya a duba. 'Yar girgizar da ta rage kuwa, da wani guntun ƙarfe da ya liƙa a gefen da ba shi da nauyi ya kashe ta.

Ranar kasuwa motar ta shigo daga Sorau da buhu goma sha biyar, Kalibu na zaune a gaba. Ya ce wa Gabdo ya bi ta ƙofar garejin Baba Yaya. Tsohon ya kasa kunne har ta wuce.

Bayan yaƙi kaya suka dawo, Gabdo ya samo akwatin giya irin na motar na asali, ya kawo a canza.

"Ta taɓa tsaya maka a hanya?" in ji Kalibu.

"A'a."

"To kai wa wani ya kwance. Ni ba na taɓa abin da bai lalace ba."

Gabdo ya yi ta faɗa, daga baya ya sayar da akwatin ga wani direban Maiha. Motar ta ƙara shekara biyar tana bin hanyar Sorau kafin tsatsa ta cinye jikinta.