Haƙoran Tsoho Sha Lafiyarsu Lau

Shekara goma sha tara ke nan, Tsoho Sha Wenli yana idar da sallar asuba zai zauna gaban kwanon taliya da romon naman shanu, barkono cokali biyu. Ya goge baki, ya rataya jakar wayoyi, ya hau kekensa ya shiga zagaya gidajen benen unguwarmu ta bakin kogi a Lanzhou, ƙasar Sin. Duk inda intanet ta ɗauke, shi ake kira. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwoyi sun gaji da matakala.

Tsohuwa Hai ta bene na uku shaida ce, sau nawa ya hau don kawai ta ga fuskar jikanta a allo. Limaminmu ma shaida ne. Amma ni, mai gasa gurasar bakin ƙofa, tawa shaidar da kunya a ciki.

Bara ne, ranar ƙarshe ta cike zaɓin jami'a. Ƙarfe shida na yamma ake rufe shafin, wanda bai cike ba sai baɗi. 'Yata Shuqin ta tafi makaranta neman shawarar malaminta, ta ce in kunna mata kwamfutar. Na kunna. Saƙonnin hira suna shigowa tsaf, amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. Na buga wa Tsoho Sha, yana kan rufin wani gida.

Ya ce, "Maman Shuqin, kwantar da hankali. Hira ta haddace hanyarta, shafuka ne sai sun yi tambaya, mai nuna musu hanyar ne ya ɓace." Ya bi da ni taki-taki har wani ɗan akwati a allon kwamfutar. "Rubuta ɗaya-ɗaya-huɗu, ɗigo, har sau huɗu."

Hannuna ya tsaya. A harshenmu na Sinanci ɗaya-ɗaya-huɗu kamar ka ce "za a mutu" ne. Ranar makomar 'yata, kuma har sau huɗu? Ni da ba na wasa da salla, ni da nake yi wa maƙwabta dariyar camfi, sai na mayar da kowane huɗu takwas, lambar arziki. Ban faɗa masa na sauya ba.

Shafi bai buɗe ba. Shuqin ta dawo, ƙarfe biyar ta wuce, ta fashe da kuka. Na sauka tsakar gida na sami Tsoho Sha yana jingine keke, a gaban masu shan iska na buɗe murya: "Tsufa ya cinye ka, Sha! Idan ba ka iya ba ka bar wa masu ido. In 'yata ta rasa shekara, kai ne!"

Bene shida ya hau yana dafa bango, mata uku na biye da mu don ganin ƙwaƙwaf. Ya zauna, ya buɗe akwatin. Na ga idonsa ya sauka kan takwas ɗin nan, ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Ya goge, ya gyara, shafi ya buɗe.

Tsohuwa Hai ta ce, "To, me ya samu abin?"

Ya ce, "Bakina ne, Yaya. Haƙora sun fara zuba, in na ce huɗu sai ta fito takwas." Aka kwashe da dariya. Ya juya: "Shuqin, share hawaye ki cike, saura minti arba'in."

Yau tana karatun jinya a Xi'an. Ni kuwa shekara guda ina ji ana tsokanarsa da "Sha mai giɓi", ina juya gurasa kaina a ƙasa.

Yaya Sha, kai ne mai gyara ba tare da tonon silili ba. Ka ga wautata ƙiri-ƙiri, ka ɗauka ka ɗora wa bakinka. Na nemi gafarar Allah kan camfin, saura taka. Na gode. Allah Ya hutar da gwiwoyinka, Ya rufa maka asiri ranar da kowa ke neman rufi.

Masu tasowa a wannan sana'a, ku koyi wayoyin a wajensa, ku koyi shirun ma. Ku kuma mutanen unguwa, a tsakar gida na zage shi, a gabanku nake faɗa: ni na sauya lambar. Haƙoransa talatin da biyu suna nan, jiya na gan shi yana fasa gyaɗa da su.